Babur ɗin ƙarƙashin ruwa: ku daina tambayata wat nawa ne

Tun da na fara ƙera wannan babur mai jan mutum a ƙarƙashin ruwa, duk wanda ya leƙo tambayarsa ɗaya ce: injin wat nawa ne, wato nawa ne ƙarfinsa? Har yau ba wanda ya tambaye ni ta ina ruwa zai iya shiga.

Ni kam na daina zumuɗin ƙarfi. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma idan kana so ka ninka gudunka, sai ka ba shi ƙarfi wajen sau 8. Ka tara batir, gangar jikin ta ƙara girma, ruwan ya ƙara tokare ta, kana nan dai inda kake. Ga hannu yana tsami, ga gilashin fuska yana neman zamewa. Farfela mai faɗi da ke juyawa a hankali ta fi ƙarama mai ihu ture ruwa, ta kuma fi tausaya wa batir.

Wata biyu na yi a kan murfin gangar kawai, kuma ban yi nadama ba. Kowace mita 10 da ka nutsa, matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Silin gashi ɗaya a kan zoben robar murfin ya isa ya buɗe wa ruwa hanya, ni ganau ne. Ruwan gishiri kuwa in ya sadu da batirin litiyam a cikin rufaffiyar ganga, Allah dai ya kiyaye. Shi ya sa ban huda ko'ina don makunni ba. Maganaɗisu na sa daga waje, yana kunna makunnin ciki ta bango, da na saki hannu injin ya mutu.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba injin ba ne, jikin mutum ne. Mai nutso da tukunyar iska ana son ya taso a hankali, kamar mita 9 zuwa 10 a minti. Babur mai ƙarfi zai cilla ka sama cikin daƙiƙoƙi, iskar huhu ta kumbura, naitirojin ɗin da ke cikin iskar da ka shaƙa ya yi kumfa a jini.

Gwajin farko, gangar kaɗai na ɗaure da igiya na zura, babu batir, sai takarda a ciki. Ta fito da lema a gefe guda. Na koma kan murfi.