Sarari Ɗaya Tak Ya Tona Min Asiri

Aikin ma ba wani aiki ba ne. Oga ya ce in haɗa ɗan sikirif na Bash, wato fayil na umarnin da kwamfuta ke bi layi-layi, da zai riƙa tura wa ma'aikata rahoto ta imel duk safiya. Maimakon in jera echo, umarnin fitar da rubutu, har sau ashirin, sai na nuna gwaninta: na buɗe da <<EOF, na zuba layukan saƙon, na rufe da EOF a ƙasa, kalmar da ke nuna wa Bash ƙarshen saƙon. Ko gwadawa ban yi ba. Na damƙa wa cron, manhajar da ke kunna aiki da kanta a lokacin da aka sa mata, na tafi gida ina jin kaina.

Ashe bayan EOF ɗin rufewa yatsana ya danna sarari guda. Ido ba ya ganinsa, amma Bash na gani, kuma shi ba ya karɓar kalmar rufewa sai ita kaɗai a layinta, ba komai gaba ba komai baya. Da bai same ta ba, sai ya yi ɗan gargaɗinsa inda ba mai dubawa, ya haɗiye sauran fayil ɗin gaba ɗaya a matsayin saƙo. Har da bayanan da nake rubuta wa kaina bayan alamar #, waɗanda Bash ya saba tsallakewa.

Na shigo da safe, ofis tsit. Sai wani abokin aikina na kusa da taga ya miƙe da waya a hannu, ya gyara murya kamar mai karanta labarai: "Wannan ɓangaren oga ne ya dage, shi da bai san bambancin kwamfuta da talabijin ba." Ya dakata. Ya maimaita "talabijin" a hankali, gaɓa-gaɓa. Ashe oga na tsaye bakin ƙofa.

"Talabijin ko?"

"Ranka ya daɗe, kwamfuta ce ta yi kuskure."

"To, ai ni ban san ta ba."

Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ke ci min rai shi ne mai karatun nan. Watan jiya wa ya zauna da shi har dare lokacin da <<- ɗinsa, ɗan'uwan wanda na buɗe saƙona da shi, ya ƙi rufewa? Manhajar rubutunsa ta mayar masa da tab, alamar tura layi ciki, ta koma sarari, shi kuwa <<- tab kaɗai yake cirewa daga farkon layi, sai sararin ya rage gaban kalmar rufewa. Na gyara, ban faɗa wa kowa ba. Cajata ma tana wurinsa tun ranar.

Gyaran nawa dai dannawa ɗaya ne. Imel na tafiya lafiya yanzu, kodayake an ce min mutane sun daina buɗewa.