Taron awa ɗaya da ake sallamar ɗalibai zuwa ƙasashen waje da shi

Tun daga watan Afrilun 2025, lokacin da hukumomin Amurka suka soke rajistar ɗalibai 'yan ƙasashen waje fiye da 4,700 a rumbun bayanan da ake kira SEVIS, nake kasa kunne in ji darasin da jami'o'in da ke tura ɗalibansu waje, da dillalan da ke nema musu gurbin karatu, za su ce sun ɗauka. Abin da ya fito daga bakinsu ya fi shirun ba ni haushi, domin gaba ɗayansa nasiha ce guda da aka yi ta maimaitawa: ɗalibi ya kama kansa, ya goge abin da ya rubuta a kafofin sada zumunta, ya guji abokan banza, babu abin da zai same shi. Alhali kuwa da yawa daga cikin waɗanda lamarin ya rutsa da su ba su yi abin da ya wuce laifin tuƙi ba, wasu ma tuhumar da aka taɓa yi musu kotu ta riga ta yi watsi da ita, kuma sai da aka yi ta shigar da ƙararraki kafin gwamnati ta mayar da rajistar a ƙarshen watan. Wanda ya san inda zai sami lauya ya tsaya ya kare kansa. Cikin waɗanda ba su sani ba kuwa, akwai wanda ya tattara kayansa ya bar karatu a tsakiyar zango.

Na taɓa zama a bayan ɗakin taro ina kallon yadda wata jami'a ke sallamar ɗalibanta da za su tafi musayar karatu. An ɗauki tsawon lokaci ana bayanin irin rigar sanyin da ya kamata a saya, aka nuna hotunan ɗakunan kwana, wani babba ya yi jawabi a kan zama jakadu na gari. Ana saura minti goma a tashi sai aka rarraba takarda mai shafi uku, aka ce kowa ya sa hannu kafin ya fita. Na karɓi guda na karanta. Duk jimlolin da ke cikinta abu ɗaya suke faɗi, wato jami'a ba ta da alhakin rashin lafiya, ko hatsari, ko kamu, ko korar ɗalibi daga ƙasar da ya je. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambayi wanda za ta kira idan wani abu ya faru da tsakar dare, aka ce ta aika da saƙon imel zuwa ofis. Taron nan an shirya shi ne domin jami'a ta zare hannunta, rigar sanyi kuwa ado ce da aka lulluɓe takardar da ita.

Masu kare wannan tsari suna cewa ɗalibin jami'a ba yaro ba ne, ya kamata ya bincika wa kansa. Girma ba ya sanar da mutum dokar ƙasar da bai taɓa takawa ba, kuma jami'ar da ta karɓi kuɗinsa ta ƙulla yarjejeniyar musayar ta fi shi sanin inda ramukan suke.

A duba maganar aiki kawai, wadda kusan kowane ɗalibi yake dogaro da ita wajen lissafin yadda zai rayu. A Birtaniya ɗalibin digiri yana da izinin aikin awa 20 a mako a lokacin zango, amma an hana shi yin sana'ar kansa, saboda haka aikin kai kaya da ake ɗaukar mutum a matsayin mai zaman kansa zai iya karya sharaɗin bizarsa ko da awa biyu ya yi. A Amurka awa 20 ɗin ne, sai dai a shekarar farko a cikin harabar makaranta kaɗai ake yin sa. Kanada ta kai nata awa 24 a mako tun Nuwambar 2024, Ostiraliya tana ƙirga awa 48 a mako biyu, Jamus kuwa da kwanaki take lissafi, 140 cikakku ko 280 rabi-rabi a shekara. Ɗalibin da ya ji labari daga bakin abokinsa da ke wata ƙasa ya yi aiki da shi a tasa, zai iya rasa izinin zama yana ganin kansa mai bin doka. Wannan bayani ne da za a iya koyarwa a zama guda, amma ban ji an ambace shi a taron da na halarta ba.

Haka nan maganar magani. Ƙwayar da likita ya rubuta wa mutum bisa ƙa'ida a ƙasarsa za ta iya zama laifin safarar miyagun ƙwayoyi a wani filin jirgin sama. Hadaddiyar Daular Larabawa tana buƙatar izini kafin a shiga da tiramadol ko kodin, Japan ta haramta wasu magungunan mura da ake sayarwa a sarari a wasu ƙasashe, kuma a 2017 Masar ta yanke wa wata 'yar Birtaniya hukuncin ɗaurin shekara uku saboda ƙwayoyin tiramadol da aka samu a jakarta. Ɗalibai nawa ne suka san cewa idan aka kama su, sashe na 36 na Yarjejeniyar Viyana ta 1963, wadda ƙasashe suka ƙulla kan ayyukan ofisoshin jakadanci, ya ba su haƙƙin neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsu? Su nawa ne kuma suka san iyakar wannan haƙƙi, cewa jami'in jakadanci zai ziyarce su ya ba su sunayen lauyoyi amma ba shi da ikon buɗe ƙofar kurkuku?

Inda sakacin ya fi muni shi ne ranar da ƙasa ta rikice. Kafin Rasha ta afka wa Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022, ƙasashe da dama sun yi kwanaki suna gaya wa mutanensu su fita. Ɗalibai da yawa, musamman masu karatun likita, sun zauna, domin tsoron kada su yi asarar shekarar da iyayensu suka biya da guminsu, kuma babu wanda ya ba su tabbacin cewa idan sun tafi za a karɓe su daga baya. Waɗanda ke birnin Sumy na Yukiren, kusa da iyakar Rasha, sun yi kusan mako biyu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa kafin a buɗe hanyar ficewa ranar 8 ga Maris, wasu da suka kai iyaka kuma aka riƙa tura su baya saboda launin fatarsu, har sai da Tarayyar Afirka ta fitar da sanarwar nuna ɓacin rai. Shekara guda bayan haka, ranar 15 ga Afrilun 2023, faɗa ya ɓarke a Khartoum, aka sake ganin fuskoki iri ɗaya a motocin bas a kan iyakar Masar, suna kwana a sarari. A duka biyun ofisoshin jakadanci sun sha wahalar sanin adadin ɗaliban da za su kwasa, domin da yawa ba su taɓa yin rajista ba. Bayan an tsira da rai kuma sai wata matsalar ta kunno kai: ɗalibi ya yi shekara huɗu yana karatu, amma ba shi da takardar sakamako ko guda a hannunsa, jami'ar da za ta ba shi tana rufe, wadda zai koma tana neman shaida. Inshorar da aka tilasta masa saya ma, in ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, galibi ta ware yaƙi daga abin da take biya.

Wasu suna cewa faɗa wa ɗalibai irin waɗannan abubuwa tsoratarwa ce da za ta sare musu gwiwa. Wanda gaskiya ta hana shi hawa jirgi gara ya ji ta tun yana gida.

Dillalai kuwa, ba na sa ran su gyaru da kansu, domin kamashonsu yana fitowa ne daga makarantar da ta karɓi ɗalibi, saboda haka duk maganar da za ta sa ya yi jinkiri asara ce a wurinsu. A 2023 ɗaliban Indiya masu yawa a Kanada suka wayi gari ana shirin korar su, bayan sun yi shekaru a ƙasar, saboda takardun samun gurbin da dillali ya haɗa musu na bogi ne. Sai bayan wannan abin kunya Kanada ta wajabta wa makarantunta, daga Disambar 2023, su tabbatar wa hukumar shige da fice sahihancin kowace takarda. Ihu ne bayan hari, amma ko ba komai an yi ihun. Jami'o'in da ke turawa har yanzu suna barin dillali ya kafa teburinsa a harabarsu ba tare da sun tambayi ko hukumar da za ta ba ɗalibi lasisin aiki idan ya dawo ta amince da digirin da ake tallata masa ba.

Ban ce ɗalibi ba shi da nauyi a wuyansa ba. Wanda ya je ƙasar mutane ya raina dokarsu, ko ya sayi aikin da zai miƙa wa malami, ko ya daina shiga aji yana bin kuɗi alhali makaranta tana kai rahoton halartarsa ga hukumar biza, shi ya jawo wa kansa, ya kuma ɓata wa na bayansa hanya. Amma ba a tuhumar mutum da karya dokar da wanda ya tura shi ya sani ya ƙi gaya masa.

Abin da nake nema ba shi da tsada. A mayar da shirin tafiya darasi na makonni, wanda ya dace da ƙasar da kowa zai je, kuma waɗanda suka dawo daga can su koyar da wani sashe nasa. Kada jami'a ta saki takardar amincewa da tafiya sai ɗalibi ya nuna rajistarsa da ofishin jakadanci da inshorar da ya karanta sharuɗɗanta, ya kuma san cewa a ƙarshen kowane zango zai karɓi sakamakonsa ya ajiye kwafi a intanet. A rubuta a yarjejeniya abin da zai faru da karatunsa idan ya fice saboda gargaɗin tsaro. Sannan a shafin farko na takardar nan mai shafi uku, sama da wurin sa hannu, a rubuta lambar wayar da mutum zai ɗauka da ƙarfe biyun dare.