Koren launi ba shi ne kare muhalli ba

Ƙannena masu koyon zanen manhaja, ku yi haƙuri da ni, yau raina a ɓace yake. Na zauna kallon ɗalibai suna gabatar da manhajar tafiye-tafiye da suka ce za ta kare muhalli. Shafin farko kore, na biyu kore, ga ganye a kowace kusurwa, ga hoton duniya a tafin hannu. Da malami ya tambayi wani yaro matafiya nawa ya ba su gwada, sai ya sunkuyar da kai yana murza linzamin kwamfuta. Ko mutum ɗaya babu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan: kwalliya ta cinye aikin. Kun kwana uku a Figma, manhajar zana shafuka, kuna zaɓen launi, amma ba ku iya faɗin yadda manhajar ke lissafa hayaƙin kabon ba. Kun rubuta "tafiya mai tsafta" da manyan haruffa. Tsafta idan aka kwatanta da me? Wani bincike na 2018 ya nuna yawon buɗe ido na jawo kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya. Jiragen sama kuma na fitar da kusan kashi 2.5 cikin ɗari na hayaƙin kabon na duniya. A 2023 Faransa ta hana wasu gajerun zirga-zirgar jirgin sama a cikin gida inda jirgin ƙasa zai kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Google Flights, shafin neman tikitin jirgin sama, na nuna ƙiyasin hayaƙi kusa da farashin tikiti tun 2021. A cikin ɗaliban babu wanda ya ambaci ko ɗaya, sai ganye. Ba girin-girin ba, ta yi mai!

Kuma ko kwalliyar ba ta biya kuɗin sabulu ba. Wata ƙungiya ta sa farin rubutu a kan kore mai haske, na bayan aji sai ƙanƙance ido suke yi. Wata ta bambanta hanya mai kyau da maras kyau da kore da ja kawai, alhali kusan namiji ɗaya cikin 12 ba ya rarrabe launuka da kyau. Da kun miƙa wa wani wayar, da tuni ya faɗa muku. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya daɗe da nuna cewa gwaji da mutum biyar kacal na tono yawancin matsalolin amfani da manhaja. Biyar fa! Matambayi ba ya ɓata, amma ku kun fi son yabon abokai.

Ban ma taɓo masu juya wa jama'a baya suna karanta allo kalma bayan kalma ba, ko masu kwaso rubutu daga intanet da ko su ba su fahimta ba. Haba.

Ku fita ku yi magana da mutane, ku kawo mana matafiyi ɗaya da matsalarsa. Da can ɗalibi kan zo da zanen fensir a takarda, duk ta yi duƙun-duƙun da goge-goge, amma ka tambaye shi dalilin kowane maɓalli ya amsa maka ba ɗar. Malamai ma ba sa sakin aiki sai an kare shi da hujja. Yanzu kayan aiki sun yi yawa, tunani ya yi ƙaranci, wasu malaman kuma da sun ga shafi yana walƙiya sai su ba da maki su wuce.