Dokin da aka ɗaure wata goma, aka ce ya yi sukuwa ranar Sallah

Ranar farko da aka ce in riƙe igiyar doki a bakin kwamin iyo wallahi gabana faɗuwa ya yi. Goɗiya ce 'yar shekara uku, ta ji ciwo a ƙafar gaba ta hagu, kumburin ya sauka amma likita ya ce har yanzu kar a hau ta. Mu biyu ne, ni a wannan gefen da igiyata abokin aikina a wancan gefen da tasa, muka gangara da ita sannu a hankali kan gangaren da aka shimfiɗa wa roba, ruwa ya zo mata gwiwa, ya zo ƙirji, kawai sai ƙasa ta ƙare mata ta kama iyo. Kanta kaɗai ake gani, hanci a buɗe tana wani gurnani kamar minshari. Zagaye biyu aka fito da ita, haƙarƙarinta na sama da ƙasa kamar wadda ta yi sukuwa, alhali ƙafar nan ba ta daki ƙasa ko sau ɗaya ba.

Shekarata huɗu kenan ina aikin barga a kusa da Newmarket a nan Ingila, garin da ake horar da dawakin tsere wajen 3,000. Kuma tun ranar nan duk sanda na shiga da doki ruwa sai dokin kawuna na Katsina ya faɗo min a rai. Akawali ne, mai kyan gaske, harawa da dusa da gero da kanwa babu abin da ya rasa, amma yana nan a turke wata da watanni, in an yi masa kilisa sau ɗaya a sati an yi ƙoƙari. Sallah na matsowa aka ɗora masa sirdi da kayan ado masu nauyi, yara suka wuni suna zabura da shi a kan kwalta, washegari ya tashi da ɗingishi. Aka kira mai magani ya yi masa lalas, ina tsaye ina jin ƙaurin gashi. Bayan sati uku aka ga ya daina ɗaga ƙafar aka ce ai ya warke aka sake hawa. Daga nan bai ƙara miƙewa ba.

Abin da ban sani ba a lokacin, doki nauyinsa kan kai kilo 450 zuwa 500, kuma fiye da rabin nauyin nan ƙafafun gaba ne ke ɗauka, shi ya sa jijiyar bayan ƙwaurin gaba ita ce ta fi yawan samun matsala. Jijiyar nan in ta yage tana cin wata tara har shekara kafin ta yi ƙwari, ɗingishi kuwa yana wucewa tun da wuri, to a nan ake yaudarar mai doki. Su nan hoto suke ɗauka su duba cikin jijiyar kafin su ƙara wa doki aiki. Amfanin ruwa shi ne ya ɗauke wa ƙafa nauyi alhali zuciya da huhu da tsoka suna aiki, dokin ba ya zama ya yi teɓa ya mutu a jiki, ba ya kuma haukacewa don zaman wuri ɗaya.

Amma fa kar wani ya karanta wannan ya je ya tunkuɗa dokinsa cikin dam ɗin Tiga ya ce magani ne. Iyo ba na kowane doki ba ne. Yayin iyo doki ɗaga kai yake ya lotsar da gadon baya yana harbi da ƙafafun baya da ƙarfi, mai ciwon baya ko ciwon gaɓoɓin ƙafar baya ƙara masa ake yi, mai tari ko matsalar numfashi ba a sa shi sam tunda ruwa danne ƙirji yake, mai miki a buɗe shi ma haka. Kuma ƙashi sai yana taka ƙasa yake yin ƙwari, dokin da iyo kaɗai ya sani in ka sake shi a fage numfashinsa zai kai amma ƙafarsa ba za ta kai ba. Shi ya sa yanzu injin tafiya cikin ruwa ya fi karɓuwa, wani akwati ne mai gilas a gefe, doki ya shiga a rufe, bel ɗin ƙasa yana juyawa yana takawa, a riƙa cika ruwa zuwa inda likita ya ce, wani iya dunduniya wani har kafaɗa.

To ni abin da ke ci min rai, mutanenmu in ka ba su wannan labari sai su ce ai abin masu kuɗi ne, Turawa da Larabawan Dubai. Kwamin da injin kam na masu kuɗi ne, ban musa ba. Amma dokin da ya fi kowane doki suna a nan Ingila, Red Rum, da ciwon ƙashin kofato ya zo hannun Ginger McCain, mutumin da bargarsa ke bayan wurin sai da tsofaffin motoci a Southport, ba shi da filin horo sai yashin bakin teku, nan yake gudu da shi ya kuma bi da shi cikin ruwan gishiri. Dokin nan ya ci gasar Grand National, babban tseren tsallake shinge na Ingila, a 1973 da 1974 da 1977. A tsibirin Barbados har gobe da asuba masu kula da dawakin tsere teku suke kai su. Mu ba mu da teku a Arewa amma muna da rafuka masu yashi, in ruwa ya ja baya bayan damina ka samu wuri iya gwiwar doki, ba laka ba rami ba kada, kai ka fara takawa da sanda ka tabbatar, ka ja shi da ragama minti goma yana ɗaga ƙafa, wannan shi ne kusan aikin da injin can ke yi. Wanda ke cikin birni ma yana da bokiti da ruwan randa, ƙafa in ta yi zafi ta kumbura bayan hawa ruwan sanyi take so na minti ashirin safe da yamma, ba ƙarfe mai zafi ba. Su ma Turawan sun daɗe suna ƙona ƙafar doki, yawancin likitocinsu sun bari.

Ban ce mun kasa su son doki ba, nan doki jari ne, da yawa in ya daina cin gasa sai a sayar, a gida kuwa na ga dattijo ya ƙi cin abinci don dokinsa ya kwanta. Hawan Kano har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2024, 'yan folo na Kaduna da Katsina kuma da yawansu sun san duk abin da nake faɗa. Masu doki ɗaya a ƙofar gida nake ji. Na kira ɗan kawun nawa da ya sayi wani bidi bana na roƙe shi ya fara kilisa kullum tun wata uku kafin azumi, tafiya tukuna sannan sassarfa, ya ce akwai rafi a bayan gonarsu zai je ya duba zurfinsa ranar Asabar.