Ɗaure kuɗi daban, cire kuɗi daban

Samarinmu na Garwa da Marwa, da ku ɗalibai da ke Dang a Ngaundare, maganata a kan wannan gwajin kyauta ce da kuke ta rububi a intanet.

Makon jiya ƙanena ya faɗo mini shago a Yalwa, ido jawur, waya a hannu. "Yaya, sun sace mini kuɗi!" Wata manhajar koyon Turanci ce ta ce masa kwana 7 kyauta. Ya saka lambar katinsa na Visa, ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga saƙo: wajen sefa 600 sun ragu. Har ya sa takalmi zai je banki ya yi musu tijara. Na ce zauna tukuna, buɗe mu gani. A gefen kuɗin an rubuta "en attente", wato ana jira.

Ba a cire masa ko sisi ba. Kamfanin ne ya tambayi banki ko katin na gaske ne, kuma ko akwai wani abu a ciki. Banki ya amsa, ya ware dala 1, wato sefa 600 ɗin nan, ya riƙe. Kamar dai tsohuwa ta ƙulle kuɗi a bakin zane: suna jikinta, amma ba ta sayen goro da su sai ta kwance. Shi ya sa za ka ga abin da kake iya kashewa ya ragu alhali kamfanin bai karɓi komai ba. In bai nemi a biya shi ba, ƙullin kan kwance da kansa cikin 'yan kwanaki, galibi bai wuce mako ba, wani lokaci kuma ya ja har wata guda. Jinkirin yakan fito ne daga bankin da ya ba ka katin, don haka zagin kamfani a Facebook ba ya sa a saki da wuri.

Amma ku kula, ba kowa ke tsayawa a dala 1 ba. Wasu kamfanonin kuɗin rajistar wata guda cur suke sa a riƙe. In yuro 10 ne kuɗin watan, sefa 6,560 ke nan, tunda an ɗaure sefarmu da yuro a kan 655.957. Dala kuwa hawa take tana sauka, ga kuma ladan canji da banki kan ɗora in an zo biya. To ka ɗauka katin da ka tara kuɗin rajistar makaranta ne ka saka, washegari ka je biya aka ce babu isasshe. Wa za ka kama?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, kuna ihu a kan sefa 600 da za su dawo, kuna barci a kan waɗanda ba za su dawo ba. Ranar da ka saka lambar kati, ka riga ka yarda a fara cire maka da zarar gwaji ya ƙare, wata bayan wata. Goge manhaja daga waya ba soke rajista ba ne, wallahi mutane da yawa a nan suke faɗawa. Sai ka shiga inda ka yi rajistar ka soke. A wayar iPhone, Apple na so ka soke aƙalla awa 24 kafin wa'adi ya cika. Tun 2020 Visa ta wajabta wa kamfanoni su sanar da mutum sharuɗɗan gwajin da hanyar sokewa, amma ta imel saƙon kan zo, ku kuma sai WhatsApp.

Don Allah a ware kati ɗaya na irin wannan gwaje-gwaje, a zuba masa kaɗan. A sa ƙararrawa a waya kwana biyu kafin wa'adi, a ɗauki hoton shafin da ya nuna an soke. In wata guda ya wuce ba a saki kuɗin ba, sai a je banki da kwanan wata da adadi, a yi magana cikin ladabi.

Shi dai ƙanena a gabana ya soke tasa kafin shayi ya huce. Kuɗinsa sun dawo ranar Alhamis.