Uba, Kada Ka Ja Da Baya Don 'Yarka Ta Fara Girma

Assalamu alaikum warahmatullah. Wannan nasiha ta iyaye maza ce, musamman masu 'ya'ya mata daga shekara 8 zuwa 17.

Muslim ya ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya ce duk wanda ya ɗauki nauyin 'yan mata biyu har suka balaga, ranar alƙiyama zai zo tare da shi kamar haka, sai ya haɗa yatsunsa. Da yawanmu kuwa tun ba a kai balagar ba muke sauke nauyin. Tana 'yar shekara 3 uba ke ɗora ta a gaban babur, shi ke sayo mata alewa da ɗan kunne. Da ta fara ƙirgen dangi sai ya ɗauke kai, magana ta koma ta aike: "kawo min buta", "gaya wa uwarki". In 'yar fari ce ma ko sunanta ba ya kamawa. Alkunya tana da muhallinta, amma ba ta rage komai daga abin da za a tambayi uba a kansa. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa idan Nana Faɗima (RA) ta shigo wurin Annabi (SAW), yakan miƙe ya tarbe ta, ya sumbace ta, ya zaunar da ita a mazauninsa. Wa ya fi shi kunya?

Aikin yana farawa tun kafin jikinta ya canza. Umarni da salla a shekara 7, tsawatarwa a shekara 10 tare da raba wurin kwana, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawud. Mai ciki da falo ba shi da uzurin ƙarancin ɗaki: shimfiɗa daban, mayafi daban, a sa labule, samarin gidan su koma falo ko soro. A koya wa yara neman izini a lokuta ukun da aya ta 58 ta Suratun Nur ta ambata, wato kafin Asuba, da tsakar rana lokacin hutu, da bayan Isha'i. Kai ma daga nan ka daina faɗa mata ɗaki kai tsaye. Yi sallama, ka jira ta amsa.

Sai maganar da muka fi gudu, wato haila. Yawancin 'yan mata suna fara gani tsakanin shekara 11 da 14, kuma galibi kamar shekara biyu bayan fara ƙirgen dangi. Ke nan Allah Ya ba ka tazarar shiri. Ba dole ne kai ka zaunar da ita ba, mahaifiyarta ko goggonta ko malamar Islamiyya sun fi dacewa. Naka shi ne ka tabbatar an yi, ka tambayi uwar ɗakin kai tsaye: "An koya mata?" Kada ka yarda da "ai suna yi a makaranta". Abin da ya wajaba ta sani ga shi: daga ranar da ta ga jinin, alƙalami ya hau kanta. Za ta bar salla da azumi, ta rama azumi, ba ta rama salla. Tsarki yana tabbata da bushewar wurin ko da fitowar farin ruwa. A wanka akwai niyya, da game jiki da ruwa, da cuccuɗawa, da shigar da ruwa cikin gashi, da yin su a jere ba tare da dogon jinkiri ba. Kitso ba sai an tsefe ba in dai ruwa yana ratsa shi, lalle ba ya hana ruwa, amma fentin farce yana hanawa. A mazhabar Malikiyya mafi tsawon kwanakin mai farawa 15 ne. Abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta ci gaba da salla.

Ga inda uba kan yi ɓarna bai sani ba. Ya dawo daga masallaci ya tarar da ita zaune, sai ya daka mata tsawa gaban yayyenta maza: "Ke, kin yi salla?" Kunya ta hana ta faɗar gaskiya, sai ta tashi ta kabbara ba ta da tsarki. A watan Ramadan kuma ta wuni da yunwa don kada a gane, ta ɗauka ma azumin ya yi, ba ta rama ba. Wannan tambaya ba ta bainar jama'a ba ce, bi ta hannun mahaifiyarta. A bar ta ta ci abincinta a ɗaki, a tuna mata ta riƙa rubuta kwanakin da ta sha, ta rama kafin wani Ramadan ya zagayo. Wanda ya yi sakaci har wani ya shigo ba tare da uzuri ba, a Malikiyya zai rama kuma ya ciyar da mudun Annabi ɗaya a kan kowace rana.

Audugar mata ta shiga lissafin cefanen wata, kusa da sabulu da man shafawa, ba sai an roƙa ba. Ana canza ta duk bayan awa 4 zuwa 6, don haka fakiti biyu a wata ba almubazzaranci ba ne. In hali bai kai ba sai ƙunzugu, to a samu yadi mai laushi mai shan ruwa, a wanke da sabulu, a shanya a rana ya bushe ƙarau. 'Yan mata kan cusa shi ƙarƙashin katifa da danshinsa saboda kada a gani, daga nan ƙaiƙayi da ciwo ke samo asali. A shekaru biyun farko al'ada takan yi tsalle, wannan ba abin tashin hankali ba ne, kuma ba dalilin zargi ba ne. Abin da ke buƙatar asibiti shi ne jinin da ya wuce kwana 7, ko wanda ke jiƙe auduga cikin awa ɗaya ko biyu, ko ciwon mara da ke hana ta zuwa makaranta duk wata, ko ta kai 15 ba ta fara ba, ko alamun balaga su fito kafin shekara 8. Yawan jiri da kasala da kwaɗayin cin farar ƙasa na iya zama ƙarancin jini, ba lalaci ko iska ba. A gwada jininta, a ƙara mata hanta da wake da zogale da alayyahu, a raba shan shayi da lokacin cin abinci domin yana rage amfanin sinadarin da ke gina jini.

Kuɗi kuma. A Malikiyya ciyar da 'ya mace da tufatar da ita suna kan uba har mijinta ya tare da ita, ko da ya rabu da mahaifiyarta, ko da a hannun mahaifiyar take. Budurwa tana da buƙatun da bakinta ba zai iya furta wa uba ba: rigar nono, ɗan kamfai, man gashi, kuɗin kitso, ankon bikin ƙawa. In ba ta samu a gida ba, akwai masu jira a bakin layi, kuma ba don Allah suke bayarwa ba. Yanka mata wani abu sananne, a rana sananniya, ka sa mata a hannu da kanka, ko kaɗan ne. Ƙaramin abin da ta san zai zo duk Juma'a ya fi babban da sai ta yi kuka. Sannan ka san kayan 'yarka. Turare ko atamfa ko wayar da ba kai ka saya ba, ba uwarta ba, tambaya ce ke jiran ka, a yi ta cikin natsuwa. Inda talla ta zama dole, to da rana, cikin 'yan uwanta, ba shiga ɗakin kowa, ba tasha, ba gareji. Kuma kada a taɓa dukan yarinya don kaya sun yi kwantai. Tsoron wannan dukan ne ke sa ta bi mai cewa ta kawo ya saye duka.

Mafi yawan masu cutar da yara mata ba baƙi ba ne, mutane ne da gidan ya sani ya kuma yarda da su. Don haka dokar ta hau kan kowa, ba zargi a ciki: karatu a tsakar gida ko ƙofa a buɗe, ba aike da daddare, ba keɓewa da ɗan goggo ko ɗan kawu da sunan zumunci, domin su ba muharramanta ba ne. Idan ta ce ba ta son zuwa gidan wane, kada ka ce taurin kai ne, nemi dalili. In kuwa ƙaddara ta faɗa, Allah Ya tsare, kalmar farko da ta fito daga bakinka ita za ta sa ta ƙarasa maganar ko ta haɗiye ta. Asibiti kafin a yi mata wanka, kuma kafin awa 72, domin a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki. Sasantawar "a rufa asiri" mai laifi take rufa wa.

A waɗannan shekarun za ka ga ƙunƙuni da kumbure-kumbure da kuka ba dalili. Yawancinsa na girma ne, yana wucewa. Gyara a keɓe, ba gaban ƙannenta ko kishiyar uwarta ba. Riƙe harshenka daga "shegiya" da tsinuwa, domin a hadisin Jabir (RA) da Muslim ya ruwaito an hana mu yi wa 'ya'yanmu mummunar addu'a, kada ta dace da sa'ar karɓa. Maganar waya gajeriya ce: Facebook da TikTok su kansu shekara 13 suka sa a matsayin mafi ƙaranci, waya ta kwana a ɗakin iyaye, kuma a faɗa mata ƙa'idar tun ranar da aka ba ta, ba a riƙa bincike a ɓoye ba.

Kada a cire ta daga makaranta don kuɗin ya isa na namiji. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir (RA) a Buhari da Muslim ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman zamaninsa da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma a gidansa aka samu Nana Asma'u (1793–1864), wadda ta kafa 'yan taru, malamai mata da ake kira jaji suna kai karatu ga matan ƙauyuka.

Idan masu sallama suka fara zuwa, kada ka yi kamar ba ka gani ba, kada kuma ka fito da sanda. Zance a zaure ko ƙofar gida, da haske, da ƙani a kusa, a tashi da wuri. Wanda ya maimaita zuwa, a ce ya turo magabatansa. Ka tambaye ta ra'ayinta ta bakin wadda take sakewa da ita, domin shirun da shari'a ta ɗauka yarda na kunya ne, ba na hawaye da tsoro ba. Buhari ya ruwaito cewa Khansa'u 'yar Khizam (RA), wadda ta taɓa aure, mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, Annabi (SAW) ya warware auren. Gwajin rukunin jini na sikila kuma a yi mata tun tana makaranta, kafin zuciya ta kamu da wani. Idan AS ta auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar SS, wato mai ciwon sikila. Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024, amma sakamakon da ya fito bayan an kai lefe an sa rana, da wuya a samu mai ƙarfin halin bin sa. In ta san nata tun da wuri, tambayar za ta zama cikin na farko da za a yi wa duk mai neman izinin zance.