Kuɗin Da Fim Ya Tara Ba Shi Ne Ingancinsa Ba

Idan gardama ta kaure kan wane fim ɗin jarumai ya fi, sai ka ji an kawo Avengers: Endgame na 2019, wai tunda ya tara kusan dala biliyan 2.8, magana ta ƙare. Ai wannan lissafin tikiti ne kawai. Farashin tikiti yana ta hawa, sinimomi sun ƙaru, musamman a Sin, ga shi mutane sun shekara goma suna bin labarin a finafinan da suka gabace shi kafin a kai ga wannan fim.

The Dark Knight na 2008 da kyar ya haura biliyan ɗaya, amma Heath Ledger, ɗan wasan da ya fito a matsayin mugun fim ɗin, ya samu kyautar Oscar da shi, bayan rasuwarsa. Ni dai har gobe The Dark Knight nake sawa a gaba.